Tabon da Habila Ya Rufe da Sitika

Akwai wani mutum a wani ƙauye na gindin dutse, sunansa Habila. Manomi ne kamar kowa a garin, yana noma dawa da gyaɗa da ɗan riɗi, amma da kiɗan jita aka fi saninsa. Ran Lahadi in ya rataya jitarsa ya tsaya gaban mawaƙan ikkilisiya, ko tsohuwar da ta zo tana kukan ciwon gwiwa sai ka ga ta miƙe tana taka rawa.

Jitar nan ba daga kasuwa ta fito ba. Wani tsohon kafinta ne na garin, Baba Filibus, ya haɗa ta da hannunsa. Shi ya zaɓi katakon, ya fere, ya lanƙwasa, ya manne. Sa'an nan ya bi ta da banish, wato man nan mai sheƙi da kafintoci ke shafa wa katako, in wannan shafin ya bushe ya goge ya ƙara wani, har fuskarta ta fito launin zuma, tana ɗaukar ido. Ranar auren Habila da Tabita ya miƙa masa ita kyauta a gaban jama'a, ya ce, "Ɗana, ga ta, taka ce. Ka kaɗa ta, kada ka ji tausayinta. Abu ɗaya nake roƙonka. Duk ranar da wani abu ya same ta, kada ka shafa mata komai. Ka kawo mini ita yadda take."

Habila ya durƙusa ya ce, "To, Baba." Amma a ransa cewa ya yi, me zai same ta ina raye?

Ya kuwa riƙe ta da kyau, har ma ya wuce gona da iri. Ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba. Kullum yana cikin goge ta da tsumma, ya hura mata iska, ya ƙara gogewa, ya leƙa fuskarsa a ciki ya gyara hula. Tabita takan ce, "Baban Murna, madubin ɗaki yana gaishe ka, ya ce ya daɗe bai gan ka ba." Sai ya yi dariya ya ci gaba da abinsa. Gaskiyar magana, Habila yana ƙaunar Ubangiji, yana ƙaunar waƙa, amma yana kuma son a ce da shi, kai, jitar nan taka ba ta da na biyu.

Ana nan, sai aka yi bikin suna a gidan wani maƙwabcinsu, aka kira shi kiɗa a ƙarƙashin rumfar kwano. Kiɗa ya yi daɗi, mata suna ta guɗa, ƙura ta tashi. Daɗin ya hau wa Habila kai, ya ga ai yau ce ranar nuna gwaninta. Ya ɗaga jitar sama, ya kai ta bayan ƙeya yana kaɗawa, ya juya da ƙarfi, sai bakin kwanon rumfa ya zarge fuskarta, ƙarrr! Cikin hayaniya ba wanda ya kula, amma shi ya ji har cikin haƙoransa. Ya ƙarasa waƙar a daddafe, ya cusa jitar a jaka, ya ce kansa ne ke ciwo, ya tafi gida.

Da ya shiga ɗaki ya fito da ita, sai ga tsaga mai tsawon yatsa a ƙasan tsirkiyoyi. Banish ya ɓalle, farin katako ya fito fili. Nan take maganar Baba Filibus ta faɗo masa a rai. Har ya ɗauki jakar zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa. In tsohon ya tambaye shi, "Me jita take yi a saman kanka?" me zai ce? Kunya ta kama shi, ya koma ya zauna. Ya ce wa kansa, ai ɗan abu ne, zan gyara da kaina, ba sai na wahalar da tsoho ba.

Ya fara da man takalmi. Jita launin zuma, man takalmi baƙi, sai farar tsaga ta koma baƙar tsaga, wadda ake hange tun daga zaure. Ya ce to, bari a tausasa wurin, ya lakato man kaɗen Tabita ya murza. Katako ya sha mai, tabo ya bazu ya yi faɗin tafin hannu. Hankalinsa ya tashi, ya ɗebo toka da soson wanke tukunya ya dirje wurin iya ƙarfinsa. Man bai fita ba, sheƙin da ke kewaye kuwa ya tafi, ya bar ƙananan zane-zane ba iyaka.

Ran kasuwa yana yawo kamar wanda ya yi ɓatan kai, sai ya ga mai sayar wa 'yan acaɓa da direbobi sitika, irin masu rubutun addini. Ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya sayi ɗaya mai cewa "Albarka Tawa Ce", ya manna a kan tsagar. Gefen tabon mai ya leƙo ta ƙasa, ya ƙara wata mai cewa "Shekarar Nasara". Zanen soso ya leƙo ta sama, ya rufe shi da wata babba ja mai cewa "Ba Na Jin Tsoro".

Abin dariya, kuma abin tausayi, shi ne jama'a sun yaba. Bayan sujada wata dattijuwa ta riƙe hannunsa ta ce, "Kai, Habila, bangaskiyarka ta ƙaru! Yanzu har jitarka wa'azi take yi." Ya ce, "Sai godiya, Mama," ya yi sauri ya mayar da jitar cikin jaka.

Tun daga nan daɗin kiɗa ya bar shi. Muryar jitar ta dushe, ta zama kamar ta mai mura, shi kuma yana kaɗa ta a ɗarare, ya tokare hannu a kan sitika don kada gefenta ya ɗago. Mafi muni, ya fara gudun Baba Filibus, mutumin da a dā ba ya iya kwana biyu bai je ya gaishe shi ba. Hanyar gonarsa ta ƙofar shagon tsohon ta bi, amma sai ya riƙa zagayawa ta bakin rafi, ƙaya tana yagar masa wando. In an tashi sujada ya sulale ta ƙofar gefe. A gida ma waƙa ta ɗauke, ga shi dā ko ruwa zai ɗebo sai da waƙa.

Kaka ta yi, ranar godiya ta matso. A ikkilisiyar nan al'adarsu ce kowane gida ya fito da baikonsa na amfanin gona da rawa, tun daga ƙofa har gaban bagade, maigida kuma shi ke zaɓen wanda zai yi masa kiɗa. Wata rana da yamma Habila yana tsinkar gyaɗa a tsakar gida, sai ya ji sallamar Baba Filibus a zaure. Kafin Tabita ta amsa, ya yi wuf ya laɓe a bayan rumbu.

Tsohon ya shigo yana dogara sanda, aka ba shi kujera da ruwa. Ya dubi tulin gyaɗa, ya dubi takalman da aka bari a gefe, ya ɗaga murya yadda rumbu ma zai ji.

"'Yata, in maigidanki ya dawo daga bayan rumbu, ki faɗa masa bana shi nake so ya yi mini kiɗa in na fito da damin dawata. Ƙafafun nan sun fara ƙina, ban sani ba ko baɗi zan iya rawa. Ki ce ya kawo jitar in sa mata sababbin tsirkiyoyi."

Da ya tafi, Habila ya fito da yanar gizo a hularsa. Tabita ta cire masa, tana danne dariya, sa'an nan ta zauna kusa da shi.

"Baban Murna, man kaɗena ya ragu, sosona ya yi baƙi, maigidana ya daina waƙa. Kana tsammani ban san abin da ke ƙarƙashin takardun nan ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɓata kyautar mutum, Tabita. Da wane ido zan dube shi?"

"Da waɗannan dai da kake da su. Shi ya yi ta, wa ya fi shi sanin ta? Ko so kake tsohon nan ya yi rawarsa ta ƙarshe ba kiɗanka?"

Wannan maganar ce ta ratsa shi. Washegari da safe ya rataya jakar, ya bi hanyar da ya daɗe bai bi ba, kowane taku kamar ya juya.

Ya tarar da Baba Filibus a gindin mangwaron ƙofar shagonsa yana fere ƙafar kujera. Suka gaisa. Tsohon ya karɓi jitar, ya ɗora a cinya, ya matso da ita kusa da ido yana karanta rubutun ɗaya bayan ɗaya.

"Ba Na Jin Tsoro," in ji shi. "To, madalla. Tunda ba ka jin tsoro, bari mu ɓare."

Ya sa farce a hankali ya ɗaye su duka. Abin da ke ƙasa ya fito, ya ma fi yadda Habila ya bar shi muni, don ga danƙon sitika ya haɗu da ƙura. Baba Filibus ya shinshina ya ce, "Man kaɗe." Ya shafa da yatsa ya duba. "Man takalmi. Wannan kuma toka ce da soso. Habila, ai daddawa kaɗai ka rage mu yi miya."

Habila ya zube ƙasa, hawaye ya cika masa ido. Ya faɗi komai, da rumfar kwano, da ɗaga jita bayan ƙeya, da son a yaba masa, bai rage ko ɗaya ba. Ya jira faɗa, amma da ya ɗaga kai sai ya ga kafaɗun tsohon suna rawa don dariya.

"Tashi, ɗana, tashi. Ai na sani. Ina wurin sunan, a zaune a gindin bishiya. A kan idona ka yi."

"Baba, ka sani? To, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Jira nake ka kawo. Ni ba na ƙwace jita a hannun mai ita in gyara. Amma na yi kewarka, kullum ina hangen hularka tana wucewa ta bakin rafi."

Ya miƙe ya shiga shago, ya miƙa hannu can saman katanga, ya sauko da wata 'yar kwalba mai ƙura, an toshe bakinta da kakin zuma. Ya goge ta da gefen rigarsa ya ɗaga ta ga haske.

"Ka san wannan? Ragowar banish ɗin jitarka ne. Ranar da na gama ta na zuba shi a nan na toshe, tun kafin in ba ka ita. Na san za ka kaɗa ta, na kuma san abin da ake kaɗawa wata rana sai ya bugu. Kwalbar nan taka ce, tana jiranka tun ranar aurenka."

Habila ya zuba wa kwalbar ido. Duk lokacin nan da yake zagaye ta cikin ƙaya, ashe maganin yana ajiye a wurin da yake gudu. Ya yi kuka sosai, irin kukan da ke wanke zuciya, tsohon kuma ya bar shi har ya gama.

Sa'an nan aka shiga aiki. Baba Filibus ya ce, "Yankan kwano ƙaramin aiki ne. Maganin da ka yi mata shi ne babban aikin, don banish ba ya kama wurin da mai ya shiga." Ya wanke wurin da wani ruwa mai kaifin wari, ya barbaɗa garin alli ya bari ya tsotse man, ya share ya sake, har katakon ya koma fari tas. Daga nan ya fasa kakin, ya sirka banish ɗin, ya tsoma tsinken tsintsiya ya ɗiga ɗigo kaɗan a cikin tsagar. Ya rataye jitar ya ce Habila ya dawo gobe.

Haka suka yi ta yi. Kowace safiya Habila ya biyo kafin ya wuce gona, ya tarar ɗigon jiya ya bushe ya lotsa, a ƙara wani. Ranar godiya tana ta matsowa, haƙurinsa ya fara ƙarewa.

"Baba, me zai hana ka tuttula shi gaba ɗaya mu huta?"

"In na cika shi lokaci guda, sama ta bushe, ciki ya zauna ɗanye. Matso ka gani. Sabon yana narkar da gefen tsohon ne, su haɗe su zama abu ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa da gaggawa. Zauna mu sha kunu."

Sai su zauna su sha kunu, su yi hira kamar dā. Habila bai ankara ba ya ji kansa yana waƙa a hanyar gona.

Da tsagar ta cika har ta ɗan yi tudu, ta kuma bushe ƙam, tsohon ya ɗauko reza ya kankare tudun a hankali. Ya jiƙa samfefa mai laushi, wato takardar goge katako, da ruwa ya bi fuskar jitar. Ɗan sheƙin da ya rage ya ɓace, wurin ya yi fari fat kamar an watsa masa gari. Habila ya dafe kai.

"Wayyo, Baba, ai yanzu ta fi dā lalacewa!"

"Na ce maka na gama?" in ji tsohon, ko kai bai ɗaga ba.

Ya canja samfefa zuwa wadda ta fi laushi, ya sake canjawa, sa'an nan ya ɗauko tsumma mai taushi ya shiga murzawa, zagaye bisa zagaye. Sannu a hankali farin ya janye, launin zuma ya dawo, har Habila ya ga fuskarsa a ciki, ga kuma fuskar Baba Filibus a gefenta tana murmushi. Habila ya shafa da yatsa, sumul, bai ji komai ba. Sai da ya karkata ta ga rana ya hangi wani siririn layi can a ƙarƙashin sheƙin, bai fi silin gashi ba.

Tsohon ya ce, "Wannan zan iya rufe shi da fenti mai kauri, amma zai toshe mata murya. Bar shi. In ka gan shi, ka tuna hanyar shagona." Ya ɗaura sababbin tsirkiyoyi ya miƙa masa. Habila ya kaɗa sau ɗaya, muryar ta fito tangaran, har matar da ke daka a maƙwabta ta tsayar da taɓarya.

Ranar godiya majami'a ta cika maƙil, ga dammunan dawa, ga buhunan gyaɗa, ga kaji suna ta kuka a ƙarƙashin benci. Da aka kira gidan Baba Filibus, Habila ya shige gaba yana kiɗa, tsohon yana biye, an ɗauko masa daminsa. Tun yana takawa da sanda, har ya miƙa wa Tabita sandar ya buɗe hannuwa biyu ya yi rawa har gaban bagade. Guɗa ta kaure, mutane suka miƙe tsaye. Habila yana kiɗa yana dariya, hawaye yana zuba, jitar kuwa tana nan a ƙirjinsa, bai kai ta bayan ƙeya ba.

Bayan an tashi, dattijuwar nan ta tambaye shi ina wa'azin jikin jitarsa ya tafi. Ya karkata ta ga haske ya nuna mata layin, ya ba ta labarin da bakinsa, har da na bayan rumbu, aka yi ta dariya. Cikin masu sauraro akwai wani baƙon makaɗi daga ƙauyen ƙetaren rafi, shi bai yi dariya ba. Habila ya lura akwai wata ƙatuwar sitika a kusurwar jitarsa, ya kuma ga yadda ya tokare ta da hannu. Ya je ya dafa kafaɗarsa ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, zo in kai ka wurin wani tsoho."

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Jitar nan ranka ne da nawa, Baba Filibus kuwa yana nuna mana Ubangiji wanda ya yi mu da hannunsa, ya ba mu rai kyauta domin mu yabe shi. Ba wanda zai yi tafiyar duniyar nan bai bugu ba. Wani girman kai ne ya zarge shi, wani fushi, wani ƙarya, wani kuwa abin da ya yi wanda ko matarsa bai faɗa wa ba.

Amma ku duba, yankan kwano bai wahalar da Habila kamar yadda ɓoyewa ta wahalar da shi ba. Mu ma haka muke. Mu shafa uzuri, mu murza da ƙarya, in abin ya bazu mu manna masa sitika. Sitikarmu kuwa mai kyau ce: yawan "Haleluya", zama a bencin gaba, doguwar addu'a a gaban mutane. Waɗannan ba laifi ba ne, amma in an manna su don rufe tabo, mutane za su yaba, zuciya kuwa ta daina waƙa. Sai ka ga mutum yana zagaye addu'a ta gaskiya yadda Habila ya zagaye shagon nan.

Ubangiji yana wurin ranar da abin ya faru, a kan idonsa ka yi. Ba labari yake jira ka ba shi ba, kai yake jira. Tun kafin ka yi kuskuren ya riga ya tanadi gafara cikin Yesu Almasihu Mai Cetonmu, ya ajiye maka. In kuwa ka kawo kanka, ka yi haƙuri da hannunsa, gama ɗigo-ɗigo yake gyara. Akwai ranar da za ka ji kankarar reza, ka ga kamar ka fi dā lalacewa. Kada ka ƙwace kanka daga hannunsa a ranar nan, bai ce ya gama ba. In kuma ya bar maka ɗan layi a ƙarƙashin sheƙi, ba don ya kunyata ka ba ne. Da wannan layin za ka gane ɗan'uwanka da ke tokare tasa sitikar, ka kama hannunsa ka nuna masa hanya.

Saboda haka, duk wanda ya zo sujada yau da abin da ya rufe, kada ya koma gida ya ƙara shafa masa komai. Ya kawo shi yadda yake. Wanda ya yi ka yana zaune a ƙofa yana hangen hanya, kwalbarka kuma tana nan a ajiye. Amin.